In Ka Yi Sammako, Wani a Ciki Ya Kwana

Duk shekara idan dogon hutun makarantu ya ƙarato, iyalai masu hali a garuruwanmu sukan shiga shirin kai yara buɗe ido a ƙasashen waje. Wasu su nufi Dubai da Abu Dabi, wasu Faransa, ƙalilan kuma su dangana har Amurka. A idon yara irin wannan tafiya ba ta cika sai an kai su ɗaya daga cikin manyan wuraren shaƙatawar nan da suke gani a talabijin, masu lilo da majaujawa da jiragen wasa masu hawa da gangara, da kuma wasan wuta idan dare ya yi. Da zarar an tsai da shawarar zuwa, sai maigida ya ci karo da tambayar da takan hana shi barci: a sauka a otal ɗin da kamfanin dandalin ya gina a cikin harabarsa, mai ɗan karen tsada, ko kuwa a nemi masauki mai rangwame a waje, a riƙa zuwa ana komawa kullum?

Na san wani mai karatu zai ce, a wannan zamani da buhun shinkafa ya gagari ma'aikaci, ina ruwanmu da otal-otal ɗin Disney? Uzurina biyu ne. Na farko, waɗanda suke zuwa ɗin 'yan'uwanmu ne, da yawansu shekara da shekaru suka yi suna tara kuɗin tafiyar, kuma tun da dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuskure ƙarami a lissafi yakan zama asarar miliyoyi. Na biyu, yadda waɗannan kamfanoni suka tsara masaukansu darasi ne babba a ilimin kasuwanci, wanda ɗalibi zai ƙaru da shi ko da bai taɓa hawa jirgin sama ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne, kwana a otal ɗin cikin dandali yana da amfani na haƙiƙa, kuma amfanin nan lokaci ne. Wanda ya fahimci cewa sa'o'i yake saya, shi ne zai iya gane ranar da cinikin ya yi riba da ranar da aka yi masa wayo.

Bari mu fara da tushen al'amarin. A ranar 17 ga Yulin 1955 Walt Disney ya buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya, a kan wani fili mai eka 160 wanda a da gonar lemo ce. Ginin dandalin ya cinye duk abin da yake da shi da wanda ya ranto, har ya rasa kuɗin gina masaukin baƙi. Sai ya shawo kan wani attajiri mai suna Jack Wrather ya gina otal a gefe, ya ba shi izinin amfani da sunan Disneyland. Wannan otal bai dawo hannun kamfanin Disney ba sai a 1988. A tsakanin nan kuwa, da 'yan kasuwa suka ga jama'a na tururuwa, sai suka kewaye dandalin da ƙananan masaukai da gidajen abinci da allunan talla. Disney ya tara jama'a, wasu kuma suna kwashe kuɗin kwanansu da na abincinsu. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai.

Saboda haka da ya tashi yin dandali na biyu, sai ya sayi fili mai faɗin sama da eka 27,000 kusa da Orlando a jihar Fulorida, wato kimanin murabba'in kilomita 110. A ɓoye ya yi sayayyar a tsakiyar shekarun 1960, da sunayen wasu ƙananan kamfanoni, don kada masu filaye su farga su tsauwala farashi. Ya rasu a Disambar 1966 bai ga kammaluwar aikin ba. Ranar 1 ga Oktoban 1971 aka buɗe Walt Disney World, kuma tun a ranar farko akwai otal biyu na kamfanin, Contemporary da Polynesian. Na farkon ma jirgin ƙasa mai bin dogo ɗaya a sama ta tsakiyar gininsa yake ratsawa, ya ɗauki baƙi ya sauke su a ƙofar dandali. Yau wurin yana da dandali huɗu, Magic Kingdom da Epcot da Hollywood Studios da Animal Kingdom, da otal sama da 20. Wannan tarihi yana nuna mana cewa da gangan aka gina nisan da ke tsakanin ƙofar dandali da masaukan waje, kuma da gangan aka tanadi maganin nisan ga wanda zai biya.

To, mene ne wanda ya biya yake samu? Abu na farko shi ne sammako. Tun daga Oktoban 2021, duk baƙon da ya kwana a otal ɗin Disney a Fulorida ana barinsa ya shiga kowane dandali minti 30 kafin a buɗe wa sauran jama'a. A wajen abokan hamayyarsu, wato Universal Orlando, ratar takan kai awa guda. Minti 30 ba wani abu ba ne a kunne, amma a tuna cewa Magic Kingdom kaɗai ya karɓi baƙi sama da miliyan 17 a 2023. Abin hawan da yara suka fi so, wanda da hantsi sai an yi fiye da awa guda a layinsa, da sassafe cikin 'yan mintoci ake shiga. Wanda ya kwana a waje ko da ya tashi tun asuba, zai iso ya tsaya a bakin shinge yana kallon wasu suna wucewa. Hausawa sun ce in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. A nan kuwa wani a ciki ma ya kwana.

Abu na biyu shi ne sufuri. Wanda ya zo Magic Kingdom da motarsa ba ya iya kaiwa bakin ƙofa. Akwai wani tafki da aka haƙa tsakanin wurin ajiye motoci da dandalin. Sai ya biya kuɗin ajiye mota, wanda ya kai dala 30 a rana a 2024, ya yi tafiya ko ya hau 'yar motar da ke jigilar mutane cikin filin, sannan ya bi layin jirgin ruwa ko na jirgin dogo ya tsallaka. Da dare kuma ya sake bin wannan hanya a juye, tare da dubban mutanen da suka fito a lokaci guda, ga yara sun yi barci a kafaɗa. Baƙon otal kuwa bas ɗin kamfani ne yake sauke shi dab da ƙofa kyauta, wasu otal ɗin ma da ƙafa ake takowa, wasu ta jirgin ruwa, zuwa wasu dandalin kuma akwai akwatunan da ke tafiya kan igiyar ƙarfe a sama, waɗanda aka ƙaddamar a 2019. Ga baƙon da ya zo daga wata ƙasa, wanda bai saba da titunan wurin ba, kuɓuta daga hayar mota da inshorarta da fargabar ɓata hanya ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci ga mai iyali, shi ne damar komawa ɗaki da rana. A Fulorida lokacin dogon hutu lokaci ne na zafi mai gumi, kuma sau da yawa hadari yakan haɗu bayan azahar, a yi ruwa da tsawa har a dakatar da wasu abubuwan hawa. A ƙasashen Larabawa kuwa zafin watannin Yuli da Agusta ba ya buƙatar bayani. Yaro ɗan shekara huɗu ba zai iya yini tun safe har dare yana tafiya da tsayuwa ba. Idan rana ta take sai kuka da rigima, uwa ta gaji, uba ya fusata, tafiyar da aka kashe dukiya don a yi farin ciki ta koma zaman haƙuri da juna. Iyalin da ɗakinsu yake kusa sukan fita da safe, su dawo su ci abinci, yara su yi barci, manya su yi alwala a natse su sallaci azahar da la'asar a kan lokaci, sannan a koma da yamma lokacin da rana ta yi sanyi. Musulmin da ya taɓa neman lungun da zai shimfiɗa sallaya a tsakiyar cunkoson baƙi a ƙasar da ba a san alwala ba, shi zai fi kowa gane darajar wannan. Ba ina kwatanta ibada da wasa ba ne, amma duk wanda ya je Makka ya san abin da ya sa ɗakin da ke fuskantar Harami ya ninka na Aziziyya a farashi, alhali gadon duk ɗaya ne.

Abu na huɗu shi ne layi. A nan ne lissafi yake fitowa fili. Universal Orlando yana sayar da wata takardar tsallake dogon layi mai suna Express, wadda farashinta kan haura dala 100 ga mutum ɗaya a rana. Amma duk wanda ya sauka a ɗaya daga cikin manyan otal ɗinsu uku, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, ana ba shi ita kyauta don amfani a tsofaffin dandalinsu biyu, shi da duk wanda ke cikin ɗakin, tun daga ranar da suka sauka har ranar da za su tashi. Ke nan kwana ɗaya yana ba da yini biyu. Iyali mai mutum huɗu da za su sayi takardar da kuɗinsu na yini biyu za su kashe dala 800 ko fiye, abin da a lokuta da dama ya zarce kuɗin ɗakin kansa. A Dubai ma haka tsarin yake ta wata fuska: baƙon otal ɗin Atlantis da aka buɗe a 2008 yana shiga dandalin wasan ruwa na Aquaventure ba tare da sayen tikiti ba. A tsibirin Yas na Abu Dabi, inda Ferrari World da Warner Bros. World da SeaWorld suke, otal-otal ɗin wurin sukan haɗa kuɗin ɗaki da tikitin shiga a ciniki guda. Wanda ya dubi farashin ɗaki kaɗai ya juya baya, bai kammala lissafinsa ba.

Ga wata hanya mai sauƙi ta auna abin. A 2024 tikitin yini ɗaya na Disney World yana farawa ne daga dala 109 ga babba, yana kaiwa har dala 189 a ranakun cunkoso. Iyali mai mutum shida sun biya sama da dala 600 ke nan a mafi arhar rana, kafin su sha ko da ruwa. Idan za su yi awa goma a ciki, kowace awa ta tashi a kan dala 60 ko fiye. Awa biyu da suka salwanta a hanya da wurin ajiye mota da layin da za a iya kauce masa, dala 120 ce aka zubar. Wannan adadi shi ya kamata a ɗora a kan sikeli a gefen rarar da masaukin waje ya bayar.

Sai dai kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya ba ka sammako da bas kyauta ya san abin da yake yi. Baƙon da ba shi da mota, wanda aka ɗauko daga ɗaki zuwa dandali aka mayar da shi ɗaki, ba zai ci abinci a ko'ina ba sai a gidajen abincin kamfani, ba zai sayi tsaraba ba sai a shagunansu, kuma da wuya ya leƙa dandalin abokan hamayya. Tun daga karin kumallo har kwalbar ruwan da zai sha da dare, farashin da suka yanka shi zai biya. Ɗakin manyan otal ɗin Disney kan haura dala 500 a dare, kuma ɗaki na yau da kullum a masu rangwamen mutum huɗu kawai yake ɗauka. Wannan ma'auni an yanka shi ne daidai da iyalin Bature mai 'ya'ya biyu. Bahaushen da ya zo da uwargida da yara biyar da ƙanwar matarsa, sai ya kama ɗaki biyu ko uku, nan take lissafin ya kife. Irin wannan iyali gidan haya mai ɗakuna da kicin, irin waɗanda suka cika yankin Kissimmee kusa da dandalin, zai fi yi musu daidai. Za su dafa abin da suka saba ci, su kuma huta da tambayar ko naman da aka kawo musu yankan halal ne, tambayar da ba ta taso wa wanda ya je Abu Dabi amma tana jiran wanda ya je Orlando ko Faris sau uku a rana.

Haka kuma alfarmar da ake ba baƙin otal ba wahayi ba ce, kamfani yana ƙara ta ko ya rage ta yadda ya ga dama. Daga 2005 Disney yana ɗauko baƙinsa daga filin jirgin saman Orlando zuwa otal kyauta, amma a farkon 2022 ya daina. Tsarin FastPass na kama wuri a layi, wanda aka fara a 1999 kuma ba a biyan ko sisi a kansa, an soke shi a 2021 aka maye gurbinsa da na kuɗi. Abin da ya rage wa baƙon otal a sabon tsarin da aka shigo da shi a 2024 shi ne yana iya zaɓen lokutansa kwana bakwai kafin zuwansa, na waje kuma kwana uku, amma dukansu biya za su yi. Saboda haka labarin da wani ya ba ka na tafiyar da ya yi shekara biyar da suka wuce ba abin dogaro ba ne. A karanta sharuɗɗan shekarar da za a yi tafiya kafin a tura kuɗi.

Akwai kuma wuraren da otal ɗin ciki ba shi da wani fifiko mai yawa, kuma tarihin Disneyland Paris ya isa misali. An buɗe shi ranar 12 ga Afrilun 1992 a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Faris, da ɗakunan kwana sama da 5,000. Masu tsarin sun ɗauka Turawa za su yi yadda Amurkawa suke yi a Fulorida, su tare a ciki na kwanaki. Suka manta cewa jirgin ƙasa yana kawo mutum daga tsakiyar Faris zuwa ƙofar dandalin cikin kimanin minti 40, kuma wanda ya zo Faransa yana son ya ga Faris ɗin kanta. Ɗakuna suka zauna babu kowa, bashi ya yi wa kamfanin katutu, har sai da aka sake tsara biyan bashin a 1994, Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarin. Inda hanya take da sauƙi da arha, kusancin da otal yake sayarwa yakan rage daraja.

Wani abu kuma da ya kamata mai tunani ya tsaya a kansa shi ne abin da yara suke koya a irin wannan wuri. A da layi wuri ne da kowa yake daidai da kowa, wanda ya riga zuwa shi yake riga shiga. Yanzu layi biyu ne gefe da gefe, yaron da ubansa ya biya yana wucewa ta gaban yaron da ya yi awa guda a tsaye. Ba na cewa haramun ne mutum ya sayi sauƙi da halaliyarsa. Amma uban da ya biya yana da aikin fahimtar da ɗansa cewa wucewar da ya yi ba ta nuna ya fi wancan yaron daraja, don kada a dawo gida da tsarabar girman kai tare da ta 'yar tsana.

Shawarata ga mai niyyar tafiya ita ce ya amsa wa kansa tambayoyi huɗu kafin ya kama ɗaki. Kwana nawa za a yi a dandalin? Idan biyu ne ko uku, kuma dominsa aka zo, kwana a ciki yakan biya kansa. Idan kuwa mako biyu za a yi ana yawon gari da kasuwanni, a raba tafiyar, a yi kwana biyu a ciki sauran a waje. Shekarun yaran nawa? Mai ƙananan yara ko tsoho a cikin tawaga ya fi mai samari buƙatar ɗaki a kusa. Mutum nawa ne? Da zarar an wuce biyar, a sake lissafi daga farko. Sannan me aka haɗa a cikin kuɗin ɗakin a rubuce, tikiti ne, ko tsallake layi, ko karin kumallo? A tara farashin waɗannan daban, a cire daga kuɗin ɗakin, abin da ya rage shi ne ainihin tsadar otal ɗin. Daidai ruwa daidai tsaki, kuma ba na ganin hikima a cin bashi domin a kwana kusa da lilo.

Wannan darasi bai tsaya ga masu fita waje ba. A jihar Bauchi muna da gandun dajin Yankari, wanda aka keɓe tun 1956 aka kuma buɗe wa masu ziyara a 1962. Masaukin Wikki yana can tsakiyar dajin, kimanin kilomita 40 daga babbar ƙofa, dab da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da zafinsa ba ya sauya wa daga kimanin digiri 31 dare da rana. Dabbobin daji da sanyin safiya da kuma yamma suke fitowa. Wanda ya kwana a Wikki shi yake samun fitar safe, shi yake wanka a ruwan bayan baƙin yini sun watse, wanda kuma ya taso daga cikin garin Bauchi yakan iso ne rana ta riga ta ɗaga. Abin da Disney ya kashe maƙudan daloli ya ƙirƙira da tafkin haƙa da jirgin dogo, a Yankari Allah ne ya shimfiɗa shi. Abin da ya rage ga masu kula da irin waɗannan wurare namu shi ne su gane cewa masauki shi ne zuciyar kasuwancin: ɗaki mai tsabta, ruwa da wuta da ba sa yankewa, abinci mai kyau, da tsaron da zai sa uba ya yarda ya kwana da iyalinsa. Baƙon yini tikiti kawai yake saya ya tafi, baƙon da ya kwana kuwa shi yake ciyar da mai dafa abinci da direba da mai wanki da mai sayar da tsaraba.

Allah ya ba mu ikon auna abin da muke kashewa, ya sa hutun yaranmu ya zama mai albarka, a gida aka yi shi ko a waje. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Mai Duka ya kai mu.